Masu Zanen da Suka Daina Kwaikwayon Ido: Daga Paris Zuwa Zariya

Laccar da aka gabatar a Daddara, ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, ga malaman makaranta da ɗalibai da masu sana'ar zane



A ranar 29 ga Yuli, 1890, wani ɗan ƙasar Holan mai suna Vincent van Gogh ya mutu a ɗakin saman wani ƙaramin masauki a ƙauyen Auvers, kusa da Paris, yana da shekara 37. Bayan mako guda, ranar 5 ga Agusta, wakilan Ingila da Faransa suka sa hannu a Landan kan takardar da ta ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. Wannan layi shi ne kakan iyakar da ke gaba kaɗan da Daddara, wadda aka yi ta gyara wa zama a 1898 da 1904 da 1906 har ta raba Katsina da Maraɗi. A shekarun nan manyan Faransa na rabon ƙasashen da ba su taɓa takawa ba, wasu 'yan tsirarun masu zane kuma, wasunsu ba su da kuɗin haya, suna rushe dokar da Turai ta yi kusan shekara ɗari huɗu tana bi. Labari na farko kowa a nan ya san shi, tunda kullum ana tsayawa a shingen kwastan saboda shi. Na biyun ba a cika ba da shi ba, alhali shi ma ya iso Arewa, ta Zariya ya shigo.

Dokar da suka tarar ba ta da wuyar faɗa. Zane mai kyau shi ne wanda mai kallo zai manta fenti ne a kan ƙyalle: na kusa ya yi girma, na nesa ya ƙanƙance, inuwa ta kwanta inda ya kamata, kada a ga sawun buroshi ko ɗaya. Abin da makarantar zane ta gwamnati a Paris ke koyarwa ke nan, kuma alƙalai masu wannan ra'ayi ke zaɓen abin da zai shiga babban bajekolin shekara-shekara. Sai abubuwa biyu suka girgiza tsarin. A 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto, na'ura ta fara yin aikin makonni cikin mintuna. A 1841 kuma wani Ba'amurke, John Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi da ake ɗura fenti a matsa. Kafin nan a mafitsarar alade ake ƙulle shi. Ga bututu a aljihu, ga jirgin ƙasa a tasha, mai zane ya samu damar fita bakin kogi ya yi aikinsa a cikin rana.

Waɗanda suka fita ɗin su ne Claude Monet da Renoir da Camille Pissarro da Berthe Morisot da abokansu. A watan Afrilun 1874 su talatin suka yi bajekolin kansu a tsohon shagon wani mai ɗaukar hoto, Nadar. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ɗauki sunan zanen Monet na fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre ya yi musu ba'a da shi, laƙabin Imfireshonis ya bi su, wato masu zana abin da ido ya fara cafka. Sun gano abu na gaskiya: inuwa ba baƙa ba ce, tana da shuɗi da shunayya a ciki, kuma bango ɗaya launinsa da hantsi daban, da la'asar daban. Sai dai haske ba ya tsayawa. Mai binsa dole ya yi sauri, kuma a cikin saurin dutse ya rasa nauyinsa, mutum ya zama 'yan ɗigo-ɗigo, abin da ke zuciyar mai zane kuwa ba shi da wurin zama. Bajekoli takwas suka yi. A na ƙarshe, a 1886, Monet da Renoir ba su ko shiga ba, kuma zanen da ya ɗauke hankalin kowa na wani yaro ne ɗan shekara 26, Georges Seurat.

Seurat mutum ne mai lissafi, kuma, abin da zai ba mutanen marina sha'awa, daga wurin shugaban marina iliminsa ya samo tushe. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel Chevreul, ya kula da rini a masaƙar Gobelins inda ake saƙa wa gwamnati dardumomin bango. Masaƙa suka yi ta ƙorafi cewa baƙin ulun da ake ba su ba ya kama ido. Chevreul ya gwada rinin, ya tarar ba shi da aibi. Matsalar maƙwabtaka ce: baƙi kusa da shuɗi daban yake fitowa da baƙi kusa da ruwan lemo, domin ido na ƙara wa kowane launi wani abu daga na gefensa. Ya buga littafi a kan haka a 1839. Seurat ya ce, in haka ne, me zai sa a cakuɗa fenti a faranti har ya dushe? A ajiye ɗigon shuɗi tsantsa kusa da ɗigon rawaya tsantsa, idon mai kallo ya yi haɗin da kansa daga nesa. Duk wanda ya taɓa kawo hular zanna kusa da idonsa ya ga zare ja da fari da kore kowane a rabe, ya miƙa hannu kuma ya ga sun narke sun zama fure, ya gane dabarar ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Shekara biyu ya yi kan zane ɗaya, bayan gwaje-gwaje fiye da hamsin. Tsawonsa ya haura mita uku, tsayinsa mita biyu, yana nuna mutanen Paris suna shan iska ranar Lahadi a tsibirin Grande Jatte: mutum fiye da arba'in, karnuka uku, da wata mata riƙe da biri a igiya. A gaskiya lissafin bai fita yadda ya so ba. Ɗigo-ɗigon kan ba da toka-toka maimakon ƙyalli, kuma wata rawaya da ya yi amfani da ita ta rikiɗe ta koma ƙasa-ƙasa cikin 'yan shekaru. Amma ya samu abin da Monet ya rasa, wato natsuwa. Kowa a zanen a tsaye yake cak, an auna wurinsa. Zanen yana Shikago tun shekarun 1920. Seurat ya mutu a 1891 yana da shekara 31, abokinsa Paul Signac ya ci gaba da hanyar.

Paul Cézanne shi ne babba a cikin masu zanen da suka nemi wuce Imfireshonis, an haife shi a 1839 a garin Aix, kudancin Faransa. Ɗan mai banki ne, mai saurin fushi, ba ya son a taɓa shi. Ya shiga bajekolin Imfireshonis na 1874 da na 1877, 'yan jarida suka fi yi masa dariya a kan kowa, ya tattara ya koma gida. Da mahaifinsa ya rasu a 1886 ya bar masa gadon da ya ishe shi, sai ya daina damuwa da kasuwa.

Tambayar da ta hana shi barci ita ce: yaya za a riƙe hasken da su Monet suka gano, amma dutse ya ci gaba da zama dutse? Akwai wani tsauni a gabashin garinsu, Sainte-Victoire. Ya zana shi fiye da sau sittin, da fentin mai da na ruwa. Ba ya ja wa abu layi ya cike cikinsa. Da 'yan fale-falen launi yake gini, ɗaya a jikin ɗaya, masu ɗumi su turo abu gaba, masu sanyi su janye shi baya. A wata wasiƙa ta 1904 ya shawarci wani matashi, Émile Bernard, da ya riƙa neman siffar ganga da ƙwallo da mazurari a cikin duk abin da ya gani. In kuma aka duba zanukansa na tuffa a kan tebur, za a ga gefen tebur na hagu bai haɗu da na dama ba, kwando ya karkace, faranti kamar daga sama aka hango shi, kwalba kuma daga gefe. Mutanen zamaninsa sun ɗauka bai iya ba ne. Abin da ya lura da shi shi ne mutum ba da ido ɗaya a kafe yake kallo ba. Ido biyu gare shi, kansa kuma na motsi. Jinkirinsa ya shahara. Dillalinsa Ambroise Vollard, wanda ya shirya masa bajekoli na farko shi kaɗai a 1895, ya ce sau 115 ya zauna masa a zana shi, kuma ba a gama ba. A Oktoban 1906 ruwan sama ya dake shi yana aiki a daji, bayan 'yan kwanaki ya mutu. A wajajen 2011 aka ruwaito gidan sarautar Katar sun sayi ɗaya daga zanukansa na manoma masu karta a kan kusan dala miliyan 250.

Paul Gauguin ta wata hanya ya ɓullo. Ya yi ƙuruciya a Lima ta ƙasar Peru, ya yi aikin jirgin ruwa, ya zama dillalin hannun jari a Paris, da mata 'yar Denmak da 'ya'ya biyar. Kasuwar hannun jari ta faɗi a 1882, ya rungumi zane, daga baya ya bar iyalin a Kofenhagen. A ƙauyen Pont-Aven, inda rayuwa ke da araha, ya yi zanen da ya raba shi da Imfireshonis a 1888. Wasu matan ƙauye ne da fararen huluna, sun fito daga coci suna ganin labarin da aka karanta musu a cikin zuciyarsu. Filin da abin ke faruwa Gauguin ya shafe shi da ja zur, babu inuwa, babu nisa. Ciyawa ba ja ba ce, ya sani. Ya kai wa wani limamin coci zanen kyauta, limamin ya ƙi karɓa. Shawarar da yake ba matasa ita ce su duba bishiya, in sun ga tana da rawaya su sa rawayar da ta fi kowace ƙarfi a akwatinsu, kuma su fi dogara da abin da suka tuna a kan abin da ke gabansu. Ɗaya daga matasan da wannan koyarwa ta kai gare su, Maurice Denis, ya rubuta a 1890 cewa kafin zane ya zama doki ko labari, shimfiɗaɗɗen fili ne da aka jera wa launuka bisa tsari. Wannan magana ita ce zuciyar al'amarin duka.

Sai dai ba a rufe wa Gauguin asiri. A 1891 ya tafi Tahiti, tsibirin da Faransa ta haɗiye a 1880, yana neman mutanen da a tunaninsa wayewa ba ta ɓata ba. Ya tarar da coci da jandarma da gidan gwamna. Aljannar da ya zana, rabinta shi ya ƙirƙira, yana ɗauko siffofi daga hotunan gine-ginen Masar da na Jawa da ya taho da su. Ya zauna da 'yan mata masu shekara goma sha uku da sha huɗu, kuma kariyar mulkin mallaka ce ta ba shi wannan dama. A ƙarshen rayuwarsa ya yi rigima da hukumomin tsibiran Marquesas har aka yanke masa wata uku a kurkuku, ya mutu a watan Mayun 1903 kafin ya yi zaman, 'yan watanni bayan faɗuwar Kano da Sakkwato. Gwani ne, kuma mutumin banza ne, gidajen tarihi na yau sun fara rubuta duka biyun a jikin bango.

Van Gogh ɗan fasto ne. Ya yi aiki a kamfanin dillancin zane aka sallame shi, ya yi malanta, ya yi wa'azi ga masu haƙar kwal a Borinage ta Beljiyam, inda ya rabar da tufafinsa har shugabannin cocin suka ga abin ya yi yawa suka janye shi. Yana da shekara 27 ya fara zane gadan-gadan. Shekara goma kacal ya yi yana aikin, ya bar zanen fentin mai kusan 860. Babban aikinsa na farko, na 1885, manoma ne suna cin dankalin Turawa a ƙarƙashin fitila, duk duhu ne da ƙasa-ƙasa. A 1886 ya sauka Paris wurin ƙanensa Theo, ya ga aikin Monet da na Seurat, ya tara ɗaruruwan hotunan Japan da ake bugawa da sassaƙaƙƙen katako, masu launi a shimfiɗe da baƙin layi. Cikin shekara biyu akwatin fentinsa ya washe.

A Fabrairun 1888 ya gangara Arles a kudu, neman rana. Cikin wata goma sha biyar ya yi zane kusan 200. Abin da ya ɗauka daga Chevreul ba natsuwa ba ce irin ta Seurat, faɗa ne. Ja ya tsaya gaban kore, shuɗi gaban ruwan lemo, rawaya gaban shunayya, kowane yana tsokanar ɗan'uwansa. A zanen wani gidan shan kofi mai kwana buɗe ya yi bango ja, rufi kore, daɓe rawaya, ya rubuta wa Theo cewa yana so ja da koren su faɗi mugayen sha'awoyin ɗan Adam. Fentin kuwa da kauri yake ɗora shi, har sawun buroshi ya yi kunya-kunya, ana iya bin hannunsa a ga inda ya juya. Ya kama hayar wani gida mai rawayan fenti da burin masu zane su taru su yi zaman 'yan'uwa, ya ƙawata ɗakin baƙo da zanen furannin nan masu bin rana. Baƙo ɗaya ya zo, Gauguin, a ƙarshen Oktoba. Mako tara suka yi suna gardama: Gauguin na cewa a zana daga ka, Van Gogh ba ya iya aiki sai abu na gabansa. Ranar 23 ga Disamba abin ya fashe, Van Gogh ya yanke kunnensa na hagu, Gauguin ya hau jirgi bai sake ganinsa ba.

A nan ne mai wannan lacca yake rabuwa da masu ba da labarin. An saba cewa hauka ce ta yi zanen. Wasiƙunsa sun ƙaryata haka. In ciwon ya taso, makonni yake yi bai taɓa buroshi ba. A tsakanin tashin ciwo yake aiki, da hankalinsa garau, yana lissafa wa Theo bututu nawa na wane launi yake buƙata, yana bayyana dalilin ajiye wannan kusa da wancan. Shahararren zanensa na dare mai taurari a watan Yunin 1889 ya yi shi, a asibitin masu taɓin hankali na Saint-Rémy, da rana, a ɗakin aiki, bayan ya daɗe yana kallon sararin asuba ta tagar ɗakinsa. A Mayun 1890 ya koma Auvers ƙarƙashin kulawar wani likita, Gachet, ya yi kwana saba'in yana fitar da kusan zane guda kowace rana, sannan harsashi ya shiga ƙirjinsa. Yawancin masana sun tafi a kan shi ya harbi kansa.

Kaɗan ya sayar a rayuwarsa. Wanda aka fi sani shi ne zanen jar gonar inabi da wata mai zane 'yar Beljiyam, Anna Boch, ta saya faran 400 a 1890. Theo ne ke ciyar da shi duk wata, kuma Theo ya bi shi bayan wata shida. Aka bar matar Theo, Johanna, 'yar shekara 28, da jariri da ɗaruruwan zanukan da ba mai so da wasiƙu fiye da 650. Wannan baiwar Allah ita ta yi Van Gogh ɗin da duniya ta sani. Ta ƙi zubar da kayan a kasuwa da araha, ta riƙa ba da aro ga masu bajekoli, a 1905 ta shirya babba a Amsterdam mai aiki fiye da 450, a 1914 ta buga wasiƙun. A 1990 aka yi gwanjon zanen likita Gachet a kan dala miliyan 82.5.

Akwai na biyar, Toulouse-Lautrec, ɗan gidan sarauta da ƙafafunsa suka daina girma bayan karaya yana yaro. Fastocin talla ya yi wa gidajen rawa na Paris tun daga 1891, da launi uku ko huɗu da manyan haruffa, ana manna su a bango. Masu rubutun allon shago na iya ɗaukarsa a matsayin nasu.

Waɗannan mutane ba ƙungiya ba ce. Ba su taɓa zama a ɗaki ɗaya duka ba, Cézanne ma zargin Gauguin yake da satar masa dabara. Wani Bature ɗan Ingila, Roger Fry, shi ya ɗaure su a dami ɗaya a bajekolin da ya buɗe a Landan a Nuwamban 1910, ya kira su 'yan bayan Imfireshonis, lokacin duk sun mutu. Jaridun Landan suka ce zanen mahaukata ne. A Paris kuwa tuni 'ya'yansu sun yi nisa. Henri Matisse ya ja wa fuskar matarsa koren layi a 1905, Picasso da Braque suka ɗauki karkatattun teburan Cézanne suka farfasa siffa gaba ɗaya. Matisse ya je Munik a 1910 musamman don ganin wani gagarumin bajekolin fasahar Musulunci, sannan ya yi zama biyu a Tanja ta Maroko a 1912 da 1913. Abin da ya je nema, wato ado a shimfiɗe wanda ba ya kwaikwayon komai, Musulmi sun yi ƙarnoni suna yi.

A Nijeriya abin ya zo a juye. Aina Onabolu na Ijebu-Ode, wanda ake kira uban zanen zamani a ƙasar, ya je Landan da Paris a farkon shekarun 1920 ya koyo tsohuwar dokar nan, wadda Paris ɗin ta riga ta yar. Yana da hujja. Turawan mulki na cewa baƙar fata ba zai iya zana mutum ya yi kama da mutum ba, shi kuma ya lashi takobin ƙaryata su, ya kuma ƙaryata su. A 1955 aka ɗauke sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malamai yawanci 'yan Ingila ne, manhaja irin ta makarantun Ingila, babu darasin fasahar Afirka a ciki.

A Oktoban 1958 wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya: Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da wasu. Daga baya aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Matsayarsu, wadda Uche Okeke ya rubuta a shekarar samun 'yancin kai, ita ce kada a yi watsi da kayan aiki da dabarun Turai, kada kuma a kwaikwayi kakanni ido rufe, a haɗa biyun su zama abu ɗaya. Da suka waiwaya Turai neman abin ɗauka, ba wurin alƙalan Paris suka je ba. Wurin Gauguin da Cézanne da magadansu suka je, domin su ne suka halatta wa mai zane ya yi sama ja in ja ce za ta faɗi maganarsa. Duk wanda ya ajiye zanukan Onobrakpeya na farkon shekarun 1960, masu tatsuniyoyin Urhobo da launi a shimfiɗe, kusa da na Gauguin, zai ga jini ɗaya. Bambancin shi ne Gauguin baƙo ne yana leƙen al'adar wasu, shi kuwa tatsuniyar gidansu yake zanawa. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da bango na matan Ibo, wanda mahaifiyarsa ta iya. Grillo ya gina matan Legas da kusurwoyi cikin shuɗi da shunayya. Nwoko ya zana jami'an mulkin mallaka a zaune a gajiye, sojojin ƙasa na tsaye bayansu cikin duhu, ya sa wa zanen sunan "Nijeriya a 1959". Abokin karatunsu Jimo Akolo, mutumin Egbe, shi ya fi kallon Arewa: makaɗin Bahaushe a 1961, mahayan Fulani a 1962. Ƙungiyar ta watse a 1961 da jagororinta suka gama karatu. Farfesa Chika Okeke-Agulu na jami'ar Princeton ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa na 2015.

Babu Bahaushe ko ɗaya a cikin waɗanda aka lissafa, kuma wannan abin tsayawa ne a duba. Ɗaya daga dalilan sananne ne. Malaman addini sun yi dogon bayani kan hukuncin zana mai rai, iyaye da yawa ba sa son ɗansu ya karanta zane, kuma wannan lacca ba fatawa ba ce. Abin lura kawai shi ne mafi girman aikin Cézanne tsauni ne da tuffa da tulu, waɗanda ba a yi saɓani a kansu ba. Ɗaya dalilin shi ne ƙasar Hausa tana da nata masu zanen, ba a kwaleji suke ba. Kilomita kaɗan daga ajin su Okeke, magina a birnin Zariya na zana dagi da takobi da keke da jirgin sama a fuskar gidaje, su shafe da ja da kore da rawaya tsantsa, kamar yadda ake yi a unguwar Birni ta Damagaram. Mai zayyanar allon sauka bai taɓa tunanin yin inuwa ko nisa ba. Fili ne a shimfiɗe da launuka bisa tsari, daidai yadda Denis ya faɗa.

Amma kada wannan ya sa a ce ai duk abin da suka yi an riga su a nan. Magini da mai zayyana tsarin da suka gada suke maimaitawa, suna ƙara masa kyau. Cézanne kuwa kullum sai ya koma gaban tsaunin ya gwada tsarinsa da abin da idonsa ke gani, in ba su daidaita ba ya sake. Wannan kai da komo tsakanin tsari da kallo shi ne sabon abu, shi ne kuma abin da sashen zane na Zariya ya riƙe, har zuwa kan Gani Odutokun, wanda ke kwarara fenti a ƙyalle ya bi inda ya gangara kafin haɗarin mota ya ɗauke shi a 1995, da Jerry Buhari da ya biyo bayansa. Akwai kuma bambancin adana. Van Gogh ya samu Johanna. Bangon ƙasa kuwa damina uku ta ishe shi in ba a yi yaɓe ba, kuma da wuya a samu wanda ya rubuta sunan maginin. Wani ɓangare mai yawa na abin da aka adana game da ɗinki da adon Hausa na shekarun 1970 ya tsira ne saboda wani malamin jami'ar Zariya, David Heathcote, ya tattara ya kai bajekolin fasahar Hausa a Landan a 1976.

Mutumin Daddara ba sai ya je Shikago ko Amsterdam ba kafin ya ga ana wannan aiki. Manyan motoci masu bodin katako da ke bin hanyar Katsina zuwa Jibiya, su tsallaka Ɗan Isa su nufi Maraɗi, suna ɗauke da shi a ƙofar baya: zaki ruwan lemo a kan fili shuɗi, dawisu, dabino biyu da masallaci a tsakani, mikiya ta cafko maciji, kowane an kewaye shi da baƙin layi mai kauri don a gane shi daga nesa cikin ƙura. Mai fentin ya san rawaya ta fi tashi a kan shuɗi ko da bai taɓa jin sunan Chevreul ba. Sana'ar tana ja da baya yanzu, domin sitika da banar da ake bugawa da kwamfuta sun fi araha, kuma a yini ɗaya ake gamawa. Masu yin na hannun da suka rage ba su cika sa cikakken suna a jikin aikinsu ba, sai dai laƙabi da lambar waya a can ƙasa, kusa da lambar mota.